Direba, In An Ɗaga Maka Hannu Ka Tsaya

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan direbobinmu ya gabatar a taron ƙungiya a Sabo, Ibadan. Mun buga shi yadda ya faɗa domin waɗanda ba su sami halarta ba.

Mai girma Sarki da 'yan majalisarsa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyayen gidanmu masu motoci da fatake, 'yan'uwana direbobi da yaran mota, ina gaishe ku baki ɗaya. Allah ya saka wa shugabanni da alheri da suka ce in tashi in yi magana, alhali akwai waɗanda suka fi ni sani a nan wurin. Ni dai abin da nake da shi shekaru ne a kan sitiyari, daga Shagamu zuwa Kano da goro, daga arewa zuwa nan da shanu da tumatir.

Maganar da aka ba ni ita ce tsakanin direba da ɗan sanda a kan hanya, musamman wannan hali da ya yi yawa ga yaranmu, wato a ɗaga wa mutum hannu ya taka totur ya wuce. Zan fara da kaina, don kada wani ya ce tsohon nan yana yi mana wa'azin abin da bai sani ba.

Sama da shekara 30 ke nan, na ɗauko goro da daddare, lasina ya ƙare da wata biyu ban sabunta ba. Yaron motata ɗan yayata ne, ita ta kawo mini shi da hannunta ta ce in koya masa sana'a. Yana kwance a kan kaya. Muka iso wani shinge, aka haska mini tocila. Shaiɗan ya ce mini, in ka tsaya za ka kwana a nan. Na rage gudu kamar zan tsaya, sai na sa giya na fizga. Ban ga katakon ƙusa da suka shimfiɗa a gaba ba. Tayar gaba ta fashe, mota ta ƙwace, muka faɗa kwalbati. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Yaron nan buhuna suka danne masa ƙafa, a asibiti aka yanke ta. Jama'a, zaman da na yi a caji ofis da kuɗin gyaran mota duk na manta da su. Abin da ban manta ba shi ne ranar da na shiga gidan yayata in gaya mata. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Nawa ne kuɗin lasin ɗin?" Har yau ban ba ta amsa ba.

To, me ke sa direba gudu? Na farko takardu ba su cika ba. Na biyu ya san ya zarce ƙa'idar gudu ko ya bi hannun da ba nasa ba. Na uku ya gaji da ba da na goro. Na huɗu tsoro, don bai tabbata ko 'yan sandan gaske ne ko 'yan fashi ba. Na biyar, mu faɗi gaskiya, akwai wanda ƙwaya ce ke tuƙa shi. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda maganinsa gudu ne.

Batun takardu a hannunmu yake. Lasin tuƙi mai rai kuma na ajin motar da kake ja, takardar mota, inshora, takardar lafiyar mota ta 'yan VIO, shaidar mallaka, da webil ɗin kayan da ka ɗauko. Mai shanu ya riƙe takardar jami'an dabbobi. Ka duba ranar ƙarewarsu tun kana tasha. Wanda takardunsa suka cika, ko muryarsa daban take idan yana magana da jami'i.

Sai batun gudu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda muke kira Rod Sefti, an kafa ta a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ƙa'idar da ke cikin littafin dokokin hanya ita ce, a cikin gari ƙaramar mota da bas kada su wuce kilomita 50 a awa. A babbar hanya mai hannu biyu irin ta Legas zuwa Ibadan, motar gida 100, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Tun 1 ga Fabrairu 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Na san akwai masu zuwa wajen bakanike a cire musu ita. Bari in yi muku lissafi. Hanyar nan daga Legas zuwa Ibadan kusan kilomita 127 ce. Mai bas da ke tafiya a 90 zai ci ta cikin minti 85. Wanda ya kai 120 zai ci ta cikin minti 64. Minti 21 ke nan tsakaninsu, in ma ba a sami cunkoso a Kara ko Ogere ba. Motar da ke kan 100 kuwa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafarka ta taɓa birki. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Saboda minti 21 za ka sa ran mutum 18 a caca? Sauri ya haifi nawa?

A nan ina da magana da iyayen gidanmu fatake. Ku ne ke bugo waya kowace awa, tumatir zai ruɓe, kasuwar Mile 12 za ta tashi, saniya ta kwanta. Direban da bai runtsa ba tun daga Funtuwa, kun matsa masa, shi ya sa yake neman tiramadol a tasha. Ku sa direba biyu a doguwar tafiya. Asarar kwando goma ta fi asarar mota da rai sauƙi.

Yanzu ga yadda ake tsayawa. An ɗaga maka hannu, ka rage gudu, ka kunna sigina, ka gangara gefe. In dare ne ka kashe babbar fitila ka kunna ta cikin mota, hannuwanka biyu a kan sitiyari inda zai gan su. Kada ka kai hannu ƙarƙashin kujera ba ka gaya masa ba. Mutum ne riƙe da bindiga, wataƙila shi ma a tsorace yake. Ka gaishe shi. In ba ka jin Turanci ko Yarabanci ka faɗa, a nemo mai fassara, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Yaron mota ya yi shiru, baki ɗaya ne zai yi magana. In laifin hanya ne 'yan Rod Sefti suka kama ka da shi, takardar tara za su rubuta maka, a asusun gwamnati ake biya, ba a hannun jami'i ba.

Ban ce duk jami'in da ke kan hanya mutumin kirki ba ne. Mun san abin da ake karɓa daga Jebba zuwa nan. A 2012 Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ba da umarnin a rushe shingaye a faɗin ƙasa, muka ɗan sarara, daga baya suka dawo. Mun ji labarin matasan nan shida 'yan kasuwar Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Shekara 12, kuma hukuncin bai dawo da ko mutum ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa, haƙƙinka ka neme shi kana da rai. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu kwana biyu, kuma a gaya masa dalilin kamun da harshen da yake ji. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani. Beli kuma kyauta ne a doka. Tun 2015 rundunar ta buɗe sashen karɓar koke-koken jama'a. In an zalunce ka, riƙe sunan da ke ƙirjin jami'in, da lambar motarsu, da wuri da lokaci, ka kawo wa ƙungiya. Amma ranar da ka gudu, ka zubar da duk wannan da hannunka. Mai ƙaramin laifi ya koma wanda ake zargi da fashi. Ba Hausawa suka ce gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato ba?

Wani zai ce, Baba, in 'yan fashi ne cikin kaki fa? Tambaya ce mai kyau, don yana faruwa. Shawarata ita ce a rage tafiyar dare, in ta kama dole a tafi a jere mota uku huɗu. Ka tambayi masu tahowa halin hanya, fitila ma tana magana tsakanin direbobi. Shingen gaske yawanci za ka ga motar hukuma a gefe da wasu motoci a tsaye. In zuciyarka ba ta kwanta ba tun daga nesa, ka tsaya can baya ka jira 'yan'uwa, ko ka juya zuwa gidan mai ko garin da ka baro, ka kira 112, ko 122 ta Rod Sefti. Abin da ba a yi shi ne ka iso har gabansu sannan ka fizga.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi damuna. Mu a nan zaman baƙunci muke yi, ko da an haifi kakanninmu a Sabo. In ɗan gari ya gudu ya buge mutum, sunansa za a kira. In namu ne, cewa za a yi Bahaushe ya kashe mutum. Ku tuna rikicin Mile 12 na Maris 2016, wanda aka ce daga haɗarin babur ya faro, har gwamnatin Legas ta rufe kasuwar. Ku tuna Shasha a Fabrairu 2021, daga cacar baki aka ƙone shaguna da gidaje, aka rasa rayuka. Wake ɗaya ke ɓata gari. Yaranmu 'yan acaɓa, musamman masu zuwa Legas, ku sani tun Yuni 2022 an hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi. Kada ka shiga inda aka hana, kuma in an tare ka kada ka tsere da fasinja a bayanka. Babur ana sayen wani.

Saboda haka ina roƙon shugabanni abu uku. A riƙa duba takardun kowace mota kafin ta bar tasha. A samar mana lauya guda da lambar waya da kowane direba zai liƙa a motarsa. Kana a riƙa kai ziyara ga DPO da kwamandan Rod Sefti na yankinmu tun ba a sami matsala ba, don sanin juna kafin rigima ya fi roƙo bayan ta.

Ɗan yayata yana nan da ransa, yana da shagon tireda da 'ya'ya biyar, kuma ya yafe mini. Shi ya ce in ba ku labarin nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu gida lafiya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini.