Zaure, Rumfa Ko Ɗaki: Ina Ɗiyanmu Za Su Zauna Su Yi Karatu A Gida?

Jawabin shugaban matasan ɓangarenmu a taron mazaɓu da aka yi a Magama, ƙaramar hukumar Jibiya

 

Na san da yawa cikinku kun zo ne ku ji abin da zan ce a kan rikicin shugabancin jam'iyya da takardar da wancan tsagin suka fitar. Ku yi mani haƙuri, yau ba zan taɓa ta ba, akwai ranarta. Maganar da na zo da ita ƙarama ce a baki, har wani zai iya cewa shugaban matasa ya rasa abin faɗi. Tambaya ce guda ɗaya: a cikin gidanka, ina ne wurin da yaronka zai zauna ya yi karatu?

Ku bari in tuna maku abin da ya kawo ta. A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, yara suka yi watanni a gida. An buɗe ke nan, ba a gama zama ba, sai ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta sake rufe makarantu. A Satumbar 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da Jibiya a ciki. A Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari da ɗiyansu, wasu a cikin azuzuwan makaranta suka samu wurin kwana. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2019, ku lissafa mani, zango nawa ya yi cikakke kafin ya kai aji shida? Kowa a nan yana da irin wannan yaro a gidansa, wanda yake aji biyar amma ba ya iya karanta sunan da ke jikin buhun shinkafa.

A Amurka akwai iyayen da ke cire ɗiyansu daga makaranta da ganin damarsu su koyar da su a gida, har su ware ɗaki guda da tebur da kwamfuta. Mu namu ba ganin dama ba ne, tilas ce ta sa. Kuma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a daina tura yara makaranta. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu kyauta ga kowane yaro, haƙƙinmu ne, ba kuma za mu daina matsa wa hukuma a kai ba. Amma ranar da aka wayi gari aka ce an rufe, gida ne ya rage mana. Ko abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Makarantar zaure gadonmu ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu, ba aji ba benci.

To, zaure. Duk wanda na tambaya, abin da ya fara fitowa bakinsa ke nan, kuma ni ma da shi na fara. Lokacin da aka rufe makarantu bayan Ƙanƙara na tara yaran gidanmu su bakwai, da nawa da na yayyena, na share zaure na shimfiɗa tabarma biyu. Amfanin zaure a fili yake: akwai inuwa, akwai iska in yana da ƙofa biyu, kuma malami daga waje zai iya zuwa ya koyar ya tafi ba tare da ya shiga cikin gida ba. Wannan na ƙarshe babban abu ne a gidajen da ake kulle.

Amma zauren Jibiya ba zauren Zariya ba ne. Namu rabinsa sito ne. Kun fi ni sanin abin da ke cikinsa: buhuna, katan-katan, babur na kwana, da uwa uba jarkokin fetur. Tun da aka hana kai mai gidajen mai da ke kusa da iyaka a ƙarshen 2019, gida nawa ne a Magama da ba a taɓa ajiye jarka a zaurensa ba? Kada mu yi wa juna ƙarya. A namu zauren akwai jarkoki huɗu na wani ƙanena a bayan ƙofa. Wata magariba batirin fitila ya mutu, na leƙa cikin gida in yi alwala, ina dawowa na tarar babbar cikinsu ta ɗauko ashana da kyandir daga wajen uwarta, ta dasa shi a kan murfin jarka don ya yi mata tsawo. Ba ta kai ga kyasta ba. Wallahi har yau in na tuna gabana sai ya faɗi. A daren nan na kwashe tabarmin. Saboda haka in za ka zaɓi zaure, ko dai mai ya fita ko yara su fita, ba a haɗa su, ko da na yini ɗaya ne.

Ko babu mai, zaure yana da sauran matsaloli. Hanyar kowa ce. Mai sallama, mai talla, mai neman canjin sefa, abokin maigida da ya zo hira, kowa sai ya ratsa ta kan littafi. Ranar kasuwa kuwa ka yafe. Yaro ɗan shekara bakwai da ke fuskantar titi babura yake ƙirgawa. In dole sai zaure, ka juya su su ba ƙofar waje baya, allo ya kasance a bangon ciki. Sannan akwai abin da mu maza ba mu cika lura da shi ba, sai da Hajiya shugabar mata ta nusar da ni: yarinya da ta kai sha biyu, sha uku, ba za ta sake a zaure ba, samari na wucewa suna leƙe. Za ta zo kwana biyu, na uku ta ce kanta na ciwo, shi ke nan ta fita daga karatun ba wanda ya kore ta. Kuma da dare, a unguwannin bakin gari da ƙauyukan da har yanzu ake kwana da ido ɗaya, ban ba kowa shawarar tara yara da fitila a ƙofar gida ba.

Ɗaki fa? Ɗakin kwano daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wanda zai fahimci lissafi a cikinsa da rana. Ga duhu, don tagoginmu ƙanana ne, wasu ma an toshe su da tsumma tun hunturu ba a sake buɗewa ba. Ga gado a kusa, yaro ya jingina ka nemi idonsa ka rasa. Ɗaki na da ranarsa, wato damina da tsakiyar hunturu, kuma a bakin ƙofa za a zauna inda haske ke shigowa. Haske ya zo ta gefe, ta hagun mai rubutu da dama, don kada inuwar hannunsa ta rufe mashi abin da yake rubutawa.

Akwai kuma siyasar ɗaki, wadda ta fi ta jam'iyyarmu zafi. (Na ga iyayenmu mata suna dariya, sun gane inda na dosa.) Gidan da ke da mata biyu ko uku, in ka kafa makaranta a ɗakin uwargida, ɗiyan amarya ba za su shiga da sakin jiki ba. In ka kai ta ɗakin amarya, ka ɗauko wa kanka shari'ar da ba ta ƙarewa. Ranar da aka samu saɓani a kan girki, karatu ne zai fara tsayawa. Wurin karatu ya zama na gida, wanda ba mai cewa nawa ne.

Shi ya sa ni a ra'ayina, a yawancin gidajenmu, rumfa a tsakar gida ta fi. Nan na koma da yaran gidanmu, kuma nan abin ya zauna. Uwa tana tankaɗe tana ganinsu. Ko ba ta yi boko ba ta san bambancin yaron da ke rubutu da wanda ke zanen mota, kuma da yawa cikin iyayenmu mata sun yi islamiyya, za su iya biya wa ƙanana karatu. 'Yan mata suna cikin gida hankalinsu kwance. Kuɗinta kaɗan ne: gwafa huɗu, zana ko kara, an gama.

Sai dai ba ko'ina a tsakar gida ake kafa ta ba, nan ne ake kuskure. Ka fara tsayawa ka kalli rana kwana guda. In karatun yamma za a yi, bayan la'asar, inuwa tana faɗuwa ne gabashin bango, to ka jingina rumfar a nan. In na safe ne, yammacin bango ya fi. Ka tuna hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ɓangaren gabas na rumfar shi ake tarewa da zana ko buhu, a bar sauran a buɗe. Ka nisanta ta da murhu, hayaƙin icce na sa ido ruwa da tari, kuma yaro mai jin yunwa da ke kallon tukunya ba ya jin komai. Ka nisanta ta da turmi da injin markaɗe in akwai. Makewayi kuma ba sai na faɗa ba, tunda a wurin nan za a buɗe Alƙur'ani. Awaki a ɗaure su kafin a fara. Akuyar gidanmu ta cinye rabin littafin lissafi na aji huɗu, har yau ba ta iya ninkawa ba.

Allo ba sai an saya ba. Ka shafe ɗan fili a bango da siminti ya yi sumul, ka shafa baƙin fenti, amma ka yi shi daidai idon yaron da ke zaune, ba daidai tsayinka ba. Littattafai kada su kwana a ƙasa ko jikin bangon ƙasa, gara ba ta da tausayi. Ƙaramin akwatin ƙarfe a kan bulo biyu, ko jaka a rataye a ƙusa. Fitila mai cajin rana guda ɗaya ta wurin karatu ce, ba ta bin maigida banɗaki, ba a cajin waya da ita. Kuma kada ka zaɓi wuri don yana kusa da soket ko don nan sabis ke kamawa. Mun ga watannin da aka yi a 2021 babu layi, mun san halin wutarmu. Wurin da zai yi aiki da alli da littafi shi ne namu, waya in ta samu ƙari ce.

Na hango wani ɗan uwa can baya yana girgiza kai, na san abin da ke ransa: shugaba, kai kana da tsakar gida, ni ɗaki ɗaya nake haya da mata da ɗiya biyar. Gaskiyarka. Akwai ma waɗanda suka baro gonakinsu da rumbunansu suna raɓe a gidan dangi, akwai waɗanda suka tsallaka Ɗan Isa da Maraɗi suka dawo ba komai a hannu. Kuma rufe iyakar nan, daga Agustan 2019, aka buɗe mana a 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ya karya jarin mutane da yawa a garin nan. Ba zan ce wa irin wannan mutum ya gina komai ba. Abin da zan ce mashi, ya ware tabarma guda wadda ba a cin abinci a kanta, ba a kwana a kanta. A shimfiɗa ta wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum, ko da bakin ƙofar ɗaki ne. In an gama a naɗe ta tare da jakar littattafai a rataye. Yaro yana saurin gane cewa in an shimfiɗa wannan tabarma wasa ya ƙare. A gidan haya mai ɗakuna da yawa kuma, ku haɗu ku roƙi mai gida kusurwa ɗaya, ku yi rumfa ta kowa.

Saura wa zai koyar. 'Yan uwana matasa, nan ne tamu ta zo. A cikin taron nan kaɗai, masu NCE da difloma da digiri da ke zaune ba aiki, ku ɗaga hannu. Kun gani? Mu ne muke kwana manna fasta, mu ne muke yini muna musayar zagi a Facebook da yaran wancan tsagin. Awa ɗaya bayan la'asar, kwana huɗu a mako, ba za ta rage mana komai ba. 'Yan uwanmu mata masu takardu su shiga cikin gidaje, mu maza mu tsaya inda zaure ya yiwu. Kuma ina roƙo, kada in ga hoton ɗan takara a jikin allon kowa. Yaron da ubansa ke wancan ɓangaren, ko ma wata jam'iyyar, in ya zo da littafinsa a matsa mashi ya zauna.

Sakatare yana bakin ƙofa da takarda. Mai son a zo a duba gidansa a taya shi zaɓen wuri ya rubuta sunansa da unguwarsa, mai son koyarwa ya rubuta a ɗaya shafin da darasin da ya fi iyawa. Ranar Asabar da hantsi za mu fara da gidajen nan Magama, ta sama kuma mu shiga cikin gari. Ni na ɗauki nauyin galan biyu na baƙin fenti da buhun siminti guda. Wanda ke da zana ko gwafa da ba ya amfani da su, ya taho da su.