MAJALISAR SAMARI: WA YA AIKE KA, WURIN WA ZA KA KOMO?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, malamin lakkol, ya yi gaban samarin jam'iyya da dattawan reshe, daren kasuwa bayan sallar lisha. Mun buga shi duka domin a karanta shi a kowane reshe.

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, iyayena mata, ƴan'uwana samari da ƴan mata, ina gaishe ku, sannunku da cin kasuwa. Na san akwai waɗanda suka yo tafiya tun asuba, saboda haka ba zan tsare ku da dogon zance ba.

Shugaban reshe ya ba ni izini in yi magana bisa abu guda. Waɗansu ƙannenmu sun zo sun ce, duk ran da aka buɗe zaɓen majalisar samari, suna so su tsaya a jefa musu ƙuri'a. Da maganar ta kai gun dattawa sai wani babanmu ya yi dariya, ya ce wasan yara ne, majalisar da ba ta yin doka, ba ta yanka lanho, ba ta riƙe da ko dala. Baba, ka yi gaskiya a rabi. Majalisar samari ba ta yin doka a ko'ina, shawara take bayarwa. Amma ina roƙon ka ba ni dama in faɗi sauran rabin.

Da aka ƙidaya mutanen Nijar a 2012 an sami fiye da miliyan 17, kuma wajen rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ƙuri'a kuwa sai mai shekara 18. Watau fiye da rabin ƙasar nan ba su da bakin magana ran zaɓe. Su ne ke cike da azuzuwan zana, su ne ke kiwo, su ne ke ɗiban ruwa, su ne ake aurarwa ba a tambaye su ba. In an ce ga wani zaure inda za a ji su, bai kamata mu raina shi ba. Abin da ya kamata shi ne mu tambayi wanda ke son shiga zauren tambaya biyu: wa ya aike ka? Wurin wa za ka komo ka ba da labari?

Na ce haka ne domin ƙasarmu ta riga ta ga majalisa iri biyu, kuma ta san bambancinsu.

A 1919 Faransa ta kafa majalisun manyan gari a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Kumandan ne shugaban zama. Shi ke ba da sunaye, gwamna ya naɗa. Akan tambaye su ra'ayi bisa lanho da aikin tilas, su faɗi, kumandan ya yi abin da ya ga dama. A cikinsu akwai dattawa masu hankali da mutunci, amma wanda ya ɗora su bisa kujera shi ke iya sauke su, saboda haka fuskarsa suke duba. Talaka bai aike su ba, ba shi kuma da hanyar tambayarsu me suka ce.

A 1946 aka ga wani iri. Wakilan Afirka da aka zaɓa da ƙuri'a suka zauna a majalisar Faransa a Paris, suka matsa har aka kashe aikin tilas da doka ran 11 ga Afrilu 1946, dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet Bwanyi. Masu ƙuri'a a lokacin kaɗan ne: sarakuna, ma'aikata, tsoffin soja, manyan ƴan kasuwa da ire-irensu. Duk da haka wakilin ya san akwai ranar da zai komo neman ƙuri'a, a tambaye shi me ya yi. Sai a 1956 aka ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, aka yi zaɓen majalisar ƙasa mai kujera 60 ran 31 ga Maris 1957.

Ku duba kuma shekarun waɗanda suka yi wannan aiki. Diori Hamani malamin lakkol ne, yana da shekara 30 aka zaɓe shi depite a 1946. Djibo Bakari shi ma malamin lakkol ne, yana da shekara 34 ya zama magajin garin Yamai a 1956. Sun saɓa, saɓaninsu kuma ya jawo wa ƙasar nan baƙin ciki mai yawa, ba zan ɓoye ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba wanda ya koya musu zaman majalisa tun suna yara. Mulkin mallaka ya koya musu biyayya ga kumandan, bai koya musu yadda ake kayar da mutum a ƙuri'a a bar shi ya kwana gidansa lafiya ba. A 1959 aka haramta Sawaba, aka koma jam'iyya ɗaya da jerin sunaye ɗaya. Daga baya soja suka rufe majalisa a 1974, ba a sake zaɓen depite ba sai 1989. An kuma rufe ta a 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muna so ƙasa ta iya zaɓe, sai yaranta su saba da shi tun da wuri.

Yanzu bari in ba ku labarin inda aka gwada majalisar samari, don kada a ce zancen baka nake yi.

A Birtaniya majalisar samarinsu ta yi zaman farko a 2001. Masu shiga cikinta yara ne daga shekara 11 zuwa 18, kuma a yankuna da yawa tsaransu ne ke zaɓensu da ƙuri'a, galibi a makarantu. A 2009 aka bar su suka zauna cikin zauren majalisar wakilan ƙasarsu a Landan, bisa kujerun depitoci na gaske, suka yi muhawara. Abin da ya fi burge ni ba kujerun ba ne. Kafin su zauna, sukan rarraba takardar ƙuri'a ga yaran ƙasa, kowa ya zaɓi damuwar da yake so a tattauna. A 2018 yara fiye da miliyan ɗaya suka jefa wannan ƙuri'a. Wakilin da ya tashi magana da miliyan a bayansa, minista ba zai ce masa wasan yara ba.

A Sikotlan, arewacin Birtaniya, an kafa tasu ran 30 ga Yuni 1999. Masu shekara 14 zuwa 25 ke tsayawa, ana zaɓe duk shekara biyu. Sun daɗe suna neman a rage shekarun ƙuri'a zuwa 16, tare da waɗansu ƙungiyoyi. A ƙuri'ar raba gardama ta 2014 aka bar masu shekara 16 suka jefa, a 2015 kuma majalisar Sikotlan ta mai da shi doka ga zaɓukanta. Samarin ba su ne suka sa hannu bisa dokar ba. Sun riƙe magana ɗaya ne shekara da shekaru, wannan ya sauka ya miƙa wa wancan, har dattawa suka amsa.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Majalisar samarin ƙasashe masu magana da Faransanci ta yi zaman farko a Kebek, cikin Kanada, a 2001, zama na biyu kuwa a nan Yamai aka yi shi a 2003. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun buɗe tasu a 2008, zamanin Shugaba Umaru Musa Ƴar'aduwa, da kujera 109. Kuma samarin can, da ƙungiyoyinsu na waje da majalisa, sun yi ta fama har aka sa hannu a 2018 bisa gyaran da ya rage shekarun tsayawa majalisar wakilai daga 30 zuwa 25.

To, ga haɗarin. Majalisar samari tana iya zama irin ta 1946, tana kuma iya zama irin ta 1919. In wani babba ne ya rubuta sunanka a biro, aka ɗinka maka riga, aka kai ka Yamai ka karanta takardar da wani ya rubuta maka, aka tafa, aka ba ka kuɗin mota ka komo, to majalisar kumandan ka zauna, ko da an sake mata suna. Mun ga haka da samariya. Asalinta tamu ce: samarin gari su ke fid da sarkinsu, su yi gayya, su gyara rijiya, su yi wa tsohuwa jinka. Bayan 1974 gwamnati ta ɗauke ta ta mai da ita hannunta. An yi ayyuka, an gina azuzuwa, ba na musu. Amma umurni daga sama yake saukowa, kukan ƙasa kuwa da wuya ya hau.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Shekarar da na fara koyarwa, ni na naɗa shugaban aji, na ɗauko yaron da ya fi kowa maki. Yara ba su taɓa kai masa kuka ba, shi kuma aikinsa rubuta sunayen masu surutu. Shekara ta gaba sai na ce su zaɓa. Muka ajiye ƙwarya uku bayan zana, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa, muka ƙidaya gaban kowa. Wata yarinya ta ci. Kwana uku da zaɓe ta tsaya gabana, muryarta na rawa, ta ce yara sun aiko ta: randar aji ba ruwa tun hantsi, kuma kullum ƴan mata kaɗai ake aika rijiya ana cikin darasi. Raina ya ɗan ɓaci, amma gaskiya ta faɗa. Muka raba ɗiban ruwa tsakanin maza da mata, kafin a shiga aji. Wanda na naɗa ni yake wa aiki. Wadda suka zaɓa su take wa aiki.

Saboda haka, ƙannena masu son tsayawa, ga abin da nake nema gare ku.

Na ɗaya, kafin ka nemi ƙuri'ar kowa, ka zaga ka saurara. Ka je makarantar allo, ka je tasha gun masu dako, ka je bakin rijiya, ka je rugar Fulani da zangon Buzaye. Yawancin tsaranka ba su cikin lakkol, kuma su ma za ka wakilta. Ka ɗauki kaye ka rubuta abin da suka ce.

Na biyu, ka fid da magana ɗaya ko biyu da za ka riƙe. Wanda ya ce zai gyara ƙasa duka bai ce komai ba. Wanda ya ce zai nemi a yi wa kowane yaro a kantonsa takardar haihuwa don kada a hana shi jarrabawa, wannan ana iya auna shi.

Na uku, kada ka yi alkawarin abin da kujerar ba ta iyawa. Ka faɗa wa masu zaɓenka a fili cewa shawara za ka kai, ba ka da baitulmali.

Na huɗu, kada ka raba goro ko alewa ko dala don ƙuri'a, kada kuma ka karɓi kuɗin wani mai arziki don yawon neman ƙuri'a. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Na biyar, kada ka zagi abokin takararka, kada ka taɓa asalinsa ko ƙabilarsa ko sana'ar ubansa. In ya kayar da kai, ka je ka ba shi hannu gaban jama'a, ka miƙa masa kayen da ka rubuta.

Na shida, in ka ci, duk zaman da aka yi ka komo dandalin gari ka faɗi me ka ce, me aka amsa maka, me aka hana. Ka faɗe shi da harshen da mutane ke ji. Faransanci na zauren Yamai ne, bayani kuwa na gida ne.

Mu kuma manya, akwai namu. Kada reshe ya zauna a ɗaka ya fid da ɗan shugaba ko ƙanen magatakarda. A bar samari su yi zaɓensu, mu tsaya shaidu kurum, a jefa a ɓoye, a ƙidaya a fili. Kada mu rubuta musu jawabi. In sun zo da maganar da ta taɓa mu, kamar tsadar aure ko cire yarinya daga lakkol, mu daure mu ji, kamar yadda na daure gaban ɗalibata.

Iyayena mata, maganata ta ƙarshe gare ku take. Mata sun sami ƙuri'a a 1956, amma sai 1989 mace ta fara zama depite a ƙasar nan, bayan shekara 33. Ran 13 ga Mayu 1991 mata suka fito titin Yamai don an kusa barinsu waje a shirin Taron Ƙasa, shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka yi dokar da ta keɓe musu kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai shi 25. Doka tana iya keɓe kujera, amma ba ta iya koya wa yarinya tsayawa gaban jama'a. Wannan a gida ake fara shi. In ɗiyarki ta ce za ta tsaya, kada a ce mata rashin kunya ne. Ki raka ta.

Baba, ka ce wasan yara ne. Ina roƙonka ran da za su ƙidaya ƙuri'a ka zo ka zauna ka zama shaida, ran da wakilinsu zai komo ba da labari kuma ka zama na farkon yi masa tambaya. In kuskure na yi cikin maganata, dattawa su gyara mini. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalamu alaikum.

Magatakardan kowane reshe ya karanta wannan takarda a taro na gaba, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In an gama a miƙa ta ga reshe na kusa, kada a ajiye ta cikin akwati.