Halaye huɗu na shugaban ƴan kasuwa



Albasar Tabalak da ta Kaita tana kaiwa har Abijan da Akara. Bisashen Abalak suna cika kasuwar Tawa ranar Lahadi. Wannan ciniki duka bisa yarda yake tafiya. In yarda ta ɓace, mai saye ba ya dawowa.

Wannan zance tsoho ne. Shekara kusan 2400 da suka wuce, a birnin Atina na ƙasar Girka, an yi wani malami, sunansa Aflatun. Ya ce halayen kirki manya huɗu ne: hikima, jaruntaka, kamun kai da adalci. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ma ya lissafa su cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddini. Shugaban ƙungiyar manoma, da mai riƙon bankin cimaka, da dillali, duk suna bukatar su.

Na ɗaya, hikima. Lokacin girbi albasa tana araha, bayan ƴan watanni ta yi tsada. Shugaba mai hikima yana tambayar farashi kafin a sayar. Yana sa a ajiye wani kashi cikin rudu, a riƙa dubawa, a fidda ruɓaɓɓiya. Kowane buhu yana rubuce cikin littafi.

Na biyu, jaruntaka. Ba ta dambe ba ce. In ɗan'uwan mai gari ya ci bashin hatsi bai biya ba, shugaba ya karanta sunansa gaban taro, kamar na kowa. Almajirin Aflatun, Aristo, ya ce halin kirki yana tsakiya: jarumi ba matsoraci ba ne, kuma ba mai ganganci ba ne. Saboda haka shugaba ya faɗi gaskiya, amma ban da zagi.

Na uku, kamun kai. Kuɗin asusu na jama'a ne. Ko dala ɗaya shugaba ba ya ɗauka don biki ko suna, ko da ya yi niyyar mayarwa. In kuɗi suka salwanta, ba a sayen hatsi da kaka. Damina ta faɗi, rumbu ba kome, magidanta su bar gonarsu su tafi ƙwadago.

Na huɗu, adalci. Tiya ɗaya ce ga kowa: Bahaushe, Buzu da Bafillace, mace da namiji. Tiyar saye ita ce tiyar sayarwa. Ba a zuba manyan albasa a bakin buhu, ƙanana a gindi.

Amma jama'a ma suna da nasu aiki. Wanda bai iya karatu ba, ba ya iya duba littafin asusu. Wanda ya iya lissafi yana taimakon shugaba ya tsare amana.

Kafin a zaɓi shugaba, a zauna a cibiyar yaƙi da jahilci, a auna shi da halayen nan huɗu.

Allah ya ba mu shugabanni nagari.