Sauya ko Soke Umarnin Kariya a Dokar Hana Cin Zarafi ta 2015

Umarnin kariya wani hukunci ne da kotu ke yankewa domin ta hana wanda ake ƙara ci gaba da cutar da mai ƙara, ko shiga gidan da take zaune, ko zuwa wurin aikinta. A Najeriya, Dokar Hana Cin Zarafin Mutane, wadda aka fi sani da VAPP, ta tanadi irin wannan umarni. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayu na 2015, tana aiki a Babban Birnin Tarayya, Abuja, daga baya kuma jihohi da dama, ciki har da Kaduna da Bauchi, suka kafa tasu a kan tsarinta.

Tun da halin mutane yana canzawa, dokar ta bai wa mai ƙara da wanda ake ƙara damar neman a sauya sharuɗɗan umarnin ko a soke shi, muddin an sanar da ɗaya ɓangaren da kuma kotu a rubuce, aka kuma kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Sauyi yakan zama dole idan mai ƙara ta koma wata unguwa, ko barazana ta bar ƙofar gida ta koma waya, domin sharaɗin da aka rubuta a kan tsohon adireshi ba zai kare ta a sabo ba.

Inda al'amarin ya fi nauyi shi ne lokacin da mai ƙara da kanta ta nemi a soke umarnin. A nan dokar ta hana kotu amincewa sai ta gamsu cewa buƙatar ta fito ne bisa raɗin kanta, ba tare da tilas ba. Wanda ya san yadda ake biko bayan mace ta yi yaji ya san hikimar wannan sharaɗi: kawu da gwaggo sun cika zaure, kowa na cewa "ki yi haƙuri, 'yata, ki dubi 'ya'yanki," kuɗin makaranta da na cefane kuma suna hannun mutumin da take ƙara. Sulhu alheri ne, amma wanda aka ƙulla da tsoro ba ya hana duka, kuma sau da yawa takardar janye ƙara da aka miƙa wa magatakarda muryar dangi take ɗauke da ita.

Sokewa kuma tana da sakamakon da jama'a ba su cika sani ba. Duk lokacin da kotu ta bayar da umarnin kariya, takan haɗa da takardar izinin kama wanda ake ƙara, wadda ake jingine aiwatar da ita matuƙar yana bin sharuɗɗa, kuma da zarar an soke umarnin, wannan takarda ta faɗi. Saboda haka ya kamata alƙali ya saurari mai ƙara ita kaɗai, ba a gaban waɗanda suka rako ta ba, ya kuma bayyana mata cewa tana iya neman a sassauta wani sharaɗi, kamar na ziyarar yara, a bar sauran umarnin yana aiki.