Akwati Mai Kwaɗo Uku

Yau zan ba ku labarin waɗansu mata na ƙasar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, da dabarar da suka yi wa talauci.

A shekarar 1991 wata ƙungiyar agaji mai suna CARE ta tara mata a ƙauyukan Maraɗi. Ba ta ba su jari ba, sai dai ta koya musu yadda za su gyara adashin da suka saba. Aka raɗa wa shirin suna Mata Masu Dubara.

Ga yadda suke yi. Mata kamar talatin su haɗu, su zaɓi shugaba da ma'aji. Kowane mako su taru, kowacce ta zuba abin da aka yanka. Kuɗin yana cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan kuwa suna hannun mata uku dabam. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ci bashi, ta sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuliƙuli, ko ta yi kiwon akuya, sa'an nan ta biya da ɗan ƙarin da suka yarda. In shekara ta kewayo, su raba.

To, ku lura, ribar ta wuce kuɗi. Mace ta ga maƙwabciyarta ta biya bashi a kan lokaci, sai aminci ya shiga tsakaninsu. Ran haihuwa ko rashin lafiya akwai masu tsaya mata. Wadda a da ba ta iya buɗe baki a taro, ta saba faɗin ra'ayinta. Har a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 waɗansunsu suka tsaya, suka ci kujerun kansila. Dabarar kuwa ta bazu zuwa ƙasashen Afirka da yawa.

Amma a yi hattara da abu biyu. Na fari, kada ku yanka zubi mai nauyi, don wadda ta fi kowa rashi ita za a bari a baya. Na biyu, lissafin ka yakan kawo gardama. In kun iya karatu, kowa ya duba littafin da idonsa, ba mai cutar wani.

Saboda haka ku dage da zuwa aji. Wanda ya iya rubuta suna da lamba, shi ƙauye zai nema ya riƙe littafin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya taimake mu.