Yadda Na Koya wa Kwamfuta Auna Ruwan Rijiya



Da Sakatare ya ce in zo in yi magana a kan abin da na ƙware a kai, sai da na yi dariya, domin da yawanku kun san yadda na sha da ƙyar a jarrabawar Fiziks. Amma tun da an ba ni dama, zan ba ku labarin wani aiki da ya hana ni barci har mako uku a nan Tudun Wada. Ba aikin ofis ba ne. Aikin unguwa ne.

Layinmu muna da rijiyar burtsatse guda ɗaya, wadda muka haƙa da kuɗin karo-karo. Kun san ƙasar Zariya a kan dutse take zaune, ruwan da ke ƙarƙashinta kuwa a tsagar dutse yake maƙalewa, ba kogi ba ne. Idan bazara ta tsananta, wajen Maris zuwa Afrilu, sai ruwa ya ja baya. Sumo kuma da ruwan da yake ja yake samun sanyi, saboda haka idan ya yi ta juyawa babu ruwa, ƙonewa yake yi. Sau biyu namu yana ƙonewa. A karo na biyu, da aka zo tara kuɗi, wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta kwance bakin zanenta ta ba da nata kason, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, duk bokon naka ba zai hana wannan ba?" Wannan magana ce ta sa ni cikin wannan aiki.

Dabarar ita ce a zura ma'auni cikin rijiya, ya riƙa jin nauyin ruwan da ke bisansa, idan ruwa ya yi ƙasa a kashe sumo. Irin wannan ma'auni da wutar lantarki yake ba da amsa: miliamfa 4 idan babu ruwa, miliamfa 20 idan ruwa ya kai iyakar awonsa, wato mita 50 a wanda na saya. Akwai hikima a farawa daga 4 maimakon sifiri: idan ka ga sifiri, ka san waya ce ta tsinke. Na bi da wutar ta cikin rezista mai om 150. Malam, ga dokar Ohm ɗin da ka sa mu haddace da bulala: ta ba ni bolt 0.6 zuwa bolt 3.

To, a nan gizo ke saƙar. Kwamfuta ba ta san "ya ɗan ƙaru" ko "ya ɗan ragu" ba, lamba kawai take ganewa. Ƙaramar kwamfutar da na yi amfani da ita, Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012, ba ta da abin auna ƙarfin wuta ko kaɗan. Dole a haɗa ta da wata 'yar na'ura mai juya awo zuwa lamba, wadda masana ke kira ADC. Ku ɗauke ta kamar mai awo a kasuwa: tsibin gero ba shi da lissafi sai an sa masa mudu. Wadda na samu ita ce ADS1115 ta kamfanin Texas Instruments, ba ta kai farcen yatsa girma ba. Yadda na saita ta, mudunta guda ɗaya kashi ɗaya ne cikin 8,000 na bolt. Ke nan bolt 0.6 zai zama 4,800, bolt 3 kuma 24,000. Tsakaninsu mataki 19,200, kowane mataki bai kai milimita 3 na ruwa ba.

Saura tafinta. Kwamfutar tana aiki da Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya kuma bar ta a buɗe kowa ya karanta. A tsakiyarta akwai abin da ake kira kanal, wato ƙwayarta, ita kaɗai ke da iznin taɓa na'urori kai tsaye. Kowace na'ura sai an rubuta mata ɗan shirin da zai koya wa ƙwayar yarenta. Sunansa direba, amma ba ya riƙe sitiyari; aikinsa tafinta. Da harshen C ake rubuta shi, kuma kuskure a wurin ba irin na sauran shirye-shirye ba ne. Shirin yau da kullum idan ya yi tuntuɓe shi kaɗai yake faɗuwa. Direba idan ya yi tuntuɓe yana iya sandarar da kwamfutar baki ɗaya, sai an zare wuta an mayar. Ban san sau nawa na zare ba.

Kuskuren da ya fi ba ni wuya shi ne wannan. Na ajiye ma'auni a kan tebur, babu ruwa, ina jiran in ga 4,800. Sai allo ya nuna mini 16,366 ƙasa da sifiri. Wato rijiyarmu ana bin ta bashin ruwa! Ga lambar kuma sai tsalle take yi kamar fara. Na zargi waya, na sake liƙi da dalma, na zargi mai shagon da ya sayar mini, Allah ya yafe mini. Kwana huɗu ina wannan. Ashe na'urar tana aiko da amsarta gida biyu ne, babban gida a gaba, ƙarami a baya. Lambar 4,800 tana zuwa a matsayin 18 da 192, domin 18 sau 256 a tara da 192 shi ne 4,800. Umarnin da na zaɓa a cikin Linux kuwa yana ɗaukar na farko a matsayin ƙarami. Sai ya lissafa 192 sau 256 a tara da 18, ya samu 49,170, duk abin da ya haura 32,767 kuma ana karanta shi a matsayin ƙasa da sifiri. Kamar a ce maka 18 ka rubuta 81. Gyaran bai wuce canza kalma ɗaya ba.

Na biyu gaggawa ce. Na'urar tana yin awo 128 a daƙiƙa ɗaya, kowane awo na cin kusan kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ni kuwa ina tambaya, ina karɓar amsa nan take, sai ta miƙo mini tsohon awo. Na koya wa direban haƙuri, ya riƙa jira.

Yanzu ga abin kunyar, gara ku ji daga bakina. Bayan na gama, ina duba yadda wasu suka tsara nasu a sashen Linux mai kula da na'urorin awo, wanda ake kira IIO, sai na tarar da direban wannan na'ura a zaune, an daɗe da rubuta shi, mutane da yawa sun tace shi. Layi kaɗan na saiti ya ishe ni in kunna shi. Na karanta shi daga farko har ƙarshe, na ga ya tanadi abin da ban ma yi tunani ba, misali kulle ƙofa don kada shirye-shirye biyu su tambayi na'urar lokaci guda amsa ta cakuɗe. Na cire nawa na sa nasu, domin sumon jama'a ba wurin gwada bajinta ba ne. Sai dai ba don na sha wuyar nawa ba, da ban fahimci ko layi ɗaya a nasu ba.

Akwatin yana nan a jikin ƙarfen tankinmu, da ɗan batir da farantin sola saboda ɗaukewar wuta. Idan ruwan da ke bisa sumo ya ragu zuwa mita 2 sai ya kashe shi, ba ya sake kunnawa sai rijiya ta farfaɗo. Bazarar da ta wuce an yi ta gunaguni cewa famfo yana yankewa da rana tsaka, har wani ya ce a cire "akwatin ɗan boko". Ba a cire ba, kuma ba a sake zagayawa da takardar karo-karo ba.

Shugaba, ina da ragowar ma'auni ɗaya da na'urar awo biyu a gida. Idan Shugaban Makaranta ya amince, zan kawo su ɗakin gwajin kimiyya ranar Asabar, in zauna da 'yan aji biyar mu auna tankin makaranta. Abin da nake roƙon ƙungiya shi ne kuɗin waya mita 30 da batir ɗaya.