Motarka Na Rawa a Gosulo? Mu Yi Maganar Injin Sit

 Yau hirar tamu ta masu ƙananan motoci ce: Corolla, Civic, Golf, Peugeot 206 da ire-irensu. Ko motar taka ce, ko ta Baba ce ake ba ka ka kai Hajiya unguwa, maganar ta shafe ka.

Za mu yi magana ne kan wani abu da yawancinmu ba mu taɓa leƙa shi ba, wato injin sit. Haka ake kiransa a gareji. In ka so ka ce kujerar inji.

To, mene ne shi? Ka san ɗan dako a Kasuwar Kurmi ba ya ɗora kaya a kansa sai ya sa gammo. Injin sit gammon inji ne. Ƙarfe ne biyu da roba mai kauri a tsakaninsu, ɗaya a ɗaure da inji, ɗaya a ɗaure da jikin mota. Inji da giyabos in aka haɗa sun fi kilo 100, wato sun fi buhun siminti biyu, kuma duk a kan waɗannan robobin suke zaune.

Aikinsa uku ne. Na farko, ya ɗauki nauyin. Na biyu, ya shanye girgiza. Injin ƙaramar mota mai silinda huɗu, in yana sulo, yana juyawa kamar sau 750 a minti. A kowane juyi wuta na tashi sau biyu. Ka ga sau 1,500 ke nan a minti, sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Duk bugun nan robar ce take tare shi kafin ya iso sitiyari da kujerarka. Na uku, ya hana inji murɗewa. Duk sanda ka taka totur, inji na tura tayoyi gaba, shi kuma yana neman ya wuntsila baya. Injin sit ne ke riƙe shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motar Plymouth mai silinda huɗu wadda injinta ke zaune kan roba ta yadda zai ɗan motsa ba tare da ya jijjiga mutanen ciki ba. A 1932 Citroën na Faransa ya sayi izinin amfani da dabarar. Yau kuwa Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Kano, guda huɗu gare ta: dama, hagu wajen giyabos, gaba da baya. Peugeot 206 uku gare ta. A motoci da yawa na gefen dama ba roba zalla ba ne, akwai ruwa a rufe a cikinsa da ke ƙara kashe girgiza.

Yanzu me ya sa na cikin gari yake saurin mutuwa? Ku duba irin tuƙin da muke yi. Daga Mandawari zuwa Ƙofar Wambai ba wata tafiya ba ce, amma sau nawa za ka taka birki ka sake tashi? Ga Adaidaita Sahu, ga mai kura, ga mai baro. Kowane tashi murɗa ce a kan robar. Wanda ya miƙe hanyar Zariya a giya ɗaya bai wahalar da ita kamar wanda ya wuni yana kutsawa lungu yana ribas ba. Ƙara da ramukan damina, da tudun rage gudu da ake yi a unguwanni, da tsallaka kwata. Sannan zafi: a watan Afrilu Kano na haura digiri 40, balle ƙarƙashin bonet. Zafi na busar da roba ta tsattsage.

Amma babban makashinta shi ne mai. Baƙin mai in yana yoyo daga saman inji yana ɗiga kanta, sai ta kumbura ta yi laushi ta ruɓe. Haka man sitiyari. Haka in ana wanke inji da fetur ko kananzir. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka canza maka injin sit ba a toshe yoyon ba, kuɗinka ka zubar.

Ta yaya za ka gane ya gaji? Kana tsaye a gosulo, giya na D, sitiyari na kakkarwa, madubi na rawa, in ka kunna AC abin ya ƙaru. Ka sa ribas ka ji "ƙum". Ka saki kuloci ka ji kamar an buga guduma a ƙasa. Ka buɗe bonet ka ga inji ya karkace gefe guda, ko ka ga wani baƙin ruwa ya zubo ya bushe a jikin na dama.

Sai dai a kula, ba kowace rawa ce injin sit ba. Fulogi ɗaya in ya mutu, mota za ta yi rawa ko da robobin sababbi ne fil. Shi ya sa ake gwaji kafin a sayi komai. Ga yadda ake yi: a buɗe bonet, a ja hambirki, direba ya danne birki da ƙarfi, ya sa D ya ɗan taɓa totur kaɗan, sannan ya sa R ya maimaita. Mai kallo zai ga inji. Ɗan motsi kaɗan daidai ne. In ya ɗago sosai ko ya yi ƙara, akwai wanda ya yanke. Don Allah mai kallon ya tsaya a gefe, kada ya tsaya gaban mota. Kuma kada a yi wannan a lungu inda yara ke wasa, a fita fili.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Laushin robar nan shi ne aikinta. An yi ta ne ta sha wahala ta mutu don abin da ya fi ta tsada ya tsira. Duk dabarar da za ta kashe laushin, cuta ce. Wani zai ce a kai wa mai walda a like shi gaba ɗaya, an huta. Wani zai yanko tsohuwar taya a cusa. Girgizar ba ta ɓace ba, wuri ta canza: ta koma jikin mota, notuna su riƙa kwancewa, ƙarfen da ke riƙe inji ya tsage. Wani kuma zai ƙara maka sulo don rawar ta lafa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa yake da fetur ɗin ƙonawa a tsaye?

In kuma ka share shi, ka ce ai tsufa ne, inji zai riƙa tsalle yana jan duk abin da ke haɗe da shi. Salansa ta tsage daga wuya. Tiyon lagireto ya yage, ruwa ya zube, inji ya yi zafi. Wayoyi su tsinke. Shaf ya riƙa aiki a karkace. Sauran robobin ma su bi sahu, tunda sun ɗauki kayan da ba nasu ba. Gyaran abu ɗaya ya zama na biyar.

In za ka Ƙofar Ruwa saye, ka tafi da tsohon a hannu, ko ka tafi da bakanikenka. A jera su a ga ramukan noti da tsayi sun zo ɗaya. In Beljiyam ne, ka tuna roba na tsufa ko a ajiye take: ka danna ta, ka duba tsaga, ka duba ko ta rabu da ƙarfen, ka duba alamar yoyo. In sabo ne, ka tambaya mai ruwa ne ko roba zalla, domin akwai masu kama da mai ruwa a ido amma cikinsu ba haka ba ne. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa kuma, ka tsaya ka gani. A tallafe inji da jak, a sa katako tsakanin jak da kaskon baƙin mai don kada ya lotsa. A duba sauran robobin tunda an riga an buɗe. Kada a ƙulle notuna tamau sai an sauke inji ya zauna da nauyinsa, in ba haka ba sabuwar robar za ta zauna a murɗe, ta mutu da wuri.

Abin da ya rage naka ne. Duk ranar juyen baƙin mai, ka ce a haska fitila a duba su. Ka daina fizgar mota in za ka tashi. Kada ka sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Ka hau tudu a hankali. Ka toshe yoyo da wuri.

Nan za mu tsaya yau. Wanda yake da ƙani ko aboki da ya fara tuƙi, ya tura masa. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.